Ciwon ƙoda ya kawo mu Yamai, me ya sa likita yake ta maganar zuciya?

Ɗiyar Adar:

Assalamu alaikum. Don Allah wanda ya san harkar awon jini a cikinku ya taimaka mini da bayani. Ni ce mai karanta wa mutanen gidanmu takardun asibiti, amma wannan karon takardar ta fi ƙarfina.

Mahaifinmu shekararsa 67, mutumin Tahoua ne, ƙarfinsa duka a fataucin albasa ya ƙare, daga Galmi zuwa Kwatano da Abijan. Hawan jini ya daɗe da kama shi, sai dai Baba ba mai riƙe magani ba ne, da ya ji jikinsa ya warware sai ya ture kwalin gefe. Ga ciwon gwiwa da ya sa ya saba da diklofenak ɗin nan da ake yawo da shi a faranti cikin tasha. Bara ƙafafunsa suka riƙa kumbura da marece, takalmin da ya sa da safe ba ya shigarsa bayan la'asar. Aka auna aka ce ƙoda ta yi rauni. Bayan wata uku aka sake awo ba ta canza ba, shi ne likitanmu na can ya ce ciwon ya zauna, ya rubuta mana takarda zuwa wurin likitan ƙoda a Yamai. Yanzu haka muna sauke gidan yayana a Bukoki.

Mu da muka taho da fargabar wankin ƙoda, sai likitan ya ce ba a kai nan ba, da sauran tafiya. Amma da ya ji Baba yana haki in ya taka zuwa masallacin Juma'a, kuma kwanakin baya ya taɓa jin nauyi a ƙirji, sai ya ajiye zancen ƙoda ya koma kan zuciya. Aka yi masa ECG, wato awon bugun zuciya, aka ɗebi jini. Ga abin da ya fito:

Kiretinin (dattin jini da ƙoda ke fitarwa) 22 mg/L, DFG (ma'aunin ƙarfin tacewar ƙoda) 32
Fotasiyam 5,3
Himoglobin 10,2
Fosforas 47 mg/L
Kolestarol LDL 1,3 g/L
Turoponin T 38 ng/L, a gefe an rubuta kada ya wuce 14, an sa masa tauraro
NT-proBNP 780
Hawan jini a ranar awon: 16/9, wato 160/90

Ɗan kawunmu ya duba turoponin a wayarsa, ya ce ma'anarsa jijiyar zuciyar Baba ta toshe. Tun daga lokacin Inna ba ta ci abin kirki ba. Likita dai ya ce ba haka ba ne, mu koma a sake awon, amma mutane sun cika ƙofarsa ban samu na yi masa tambaya a natse ba.

Tambayata biyu ce. Mene ne haɗin ƙoda da zuciya har ake mana waɗannan awo masu tsada? Sannan in mun koma gida, wanne ne dole mu riƙa bibiya? Kuɗin nan karo-karo muke yi ni da ƴan'uwana, albashin malamar firamare kuwa kun san iyakarsa. Ba na son mu zuba kuɗi a abin da ba zai canza komai ba, mu bar wanda ran Baba ya rataya a kansa.

Abu Ammar:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Malama, ni shawarata ku haɗa da na gargajiya. Akwai saiwa da sassaƙen da ake jiƙawa suna wanke ƙoda, wani dattijo a unguwarmu ya sha ya ce ya ji daɗin jikinsa. Kuma ku dage da addu'a.

Mai Awo:

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya tashi kafaɗun Baba. Ni ba likita ba ne, ma'aikacin ɗakin awo ne a nan Yamai. Jinin masu ciwon ƙoda kullum yana ratsa hannuna, don haka zan tsaya kan abin da ya shafi takarda, maganar magani kuwa ta likitansa ce.

Ki fara kwantar wa Inna da hankali kan turoponin. Furotin ne da ke cikin tsokar zuciya, yana fitowa cikin jini in tsokar ta wahala. Lambar 14 da kika gani daga awon masu lafiya aka samo ta, 99 cikin 100 nasu ba ya wuce nan. Mai ciwon ƙoda kuwa, balle dattijo mai hawan jini, sau da yawa nasa yana zaune sama da 14 wata da watanni alhali babu jijiyar da ta toshe. Zuciyar da ta yi kauri tana zubar da shi kaɗan-kaɗan kullum, ƙoda mai rauni kuma ba ta saurin kwashe ɓurɓushinsa. Nau'in T, wanda aka yi wa Baba, ya fi nau'in I yin haka. Abin da ke nuna toshewa shi ne motsin lambar. A ɗiba yanzu, a sake bayan awa ɗaya zuwa uku: in 38 ta yi tsalle ta koma 100 ko 300, ana cikin haɗari a lokacin. In ta tsaya wajen 36 ko 40, tsohon abu ne. Dalilin da ya sa likita ya ce a sake ke nan, kuma da ya ga abin tsoro a ECG da bai bar ku kun koma Bukoki ba.

Amma kada ki ɗauki 38 ɗin a banza. Ba ta ce yau akwai toshewa ba, ta ce zuciyar nan tana ɗauke da kaya. Masu ciwon ƙoda da turoponin ɗinsu ke zaune sama sun fi waɗanda nasu ke ƙasa gamuwa da matsalar zuciya nan gaba. Ki rubuta lambar a littafi da kwanan wata da sunan ɗakin awon. Ranar da ƙirji ya sake yi masa nauyi, ita ce za a gwada sabuwar da ita. Kuma a kula, T da T ake gwadawa, I da I, ba a haɗa su.

NT-proBNP kuma zuciya ke sakinsa in bangonta ya miƙe saboda ruwa ko matsi ya yi mata yawa. Ga wanda ba a cikin gaggawa yake ba, ƙasa da 125 yana nuna da wuya a ce zuciya ta gaza. Sama da haka sai a duba shekaru da ƙoda, don dukansu suna ɗaga shi. 780 a jikin mai shekara 67 da DFG 32 ba ta yanke hukunci ba, sai dai tun da ga haki ga kumburin ƙafa, tana kiran a yi hoton zuciya na eko.

Sai tambayarki ta farko. A 2004 an fitar da wani babban bincike daga Kalifoniya a Amurka, an bi mutum sama da miliyan ɗaya. Aka ga da DFG ya sauka ƙasa da 60, mutuwa da ciwon zuciya da kwanciya asibiti suna ƙaruwa, kuma duk matakin da ya ƙara sauka haɗarin na ƙara hawa. Abin da mutanenmu ba su sani ba, mai ciwon ƙoda mataki na uku irin Baba, zuciya ta fi injin wankin ƙoda kusa da shi. Da yawa ba sa kaiwa ga injin, ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ke riga shi. Ba na faɗi don in tsorata ki ba, na faɗa ne don a nan gyara yake da amfani.

Ke ɗiyar masu albasa ce, kin san injin ban-ruwa. In aka ƙara masa ruwan da zai tura, tiyon kuma ya bushe ya ƙanƙance, injin ne ke shan wahala har ya gaji. Ƙoda mai rauni tana riƙe gishiri da ruwa, jini ya ƙaru, matsi ya hau. Ba ta fitar da fosforas yadda ya kamata, shi kuma ya haɗu da kalsiyam su kwanta a bangon jijiyoyi su sandare. Sinadarin da take aikawa ɓargo ya ƙera jini ya ragu, jini ya yi ƙaranci, zuciya ta ƙara gudu don ta cike gurbin. Duk waɗannan suna cikin takardar Baba: 16/9, fosforas 47 da ya ɗan haura 45, himoglobin 10,2 alhali namiji ana so ya kai 13.

Akwai abin da na nema a jerin naki ban gani ba, kuma a ganina ya fi turoponin amfani a gare ku: albumin a fitsari, wato furotin na jini da ke yoyo ta ƙoda. Ba na jini ba ne, amma shi da DFG su ne ƙafa biyu da likitocin ƙoda ke auna haɗari da su a ƙa'idar KDIGO, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin ciwon ƙoda ta duniya. Ƙasa da 30 mg/g lafiya, 30 zuwa 300 an fara yoyo, sama da 300 yoyon ya yi yawa. Ƙodar da ke zubar da albumin tana shaida cewa bangon ƙananan jijiyoyin jiki duka ya taɓu, har na zuciya da ƙwaƙwalwa. Mutum biyu masu DFG 32, ɗaya albumin ɗinsa 15 ɗaya 600, ba hanya ɗaya suke ba. Ki nemi a yi na lissafi, wanda ake gwada albumin da kiretinin na fitsari, don ɗan tsinken da ake tsomawa ba ya kama ƙaramin yoyo. Fitsarin farko na safe ake so. In yana masassara ko ciwon mafitsara a jira ya warke, don suna ɗaga lambar.

Na ga mutane suna biyan CRP, awon kumburi a jiki, suna cewa awon haɗarin zuciya ne. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da ciwon haƙori ba sa yankewa, lambar tana hawa da sauka da abin da bai shafi zuciya ba. Ni ba zan sa kuɗin karo-karo a ciki ba sai likita ya nema da dalili. Wani sinadarin jini mai suna FGF23 da kike iya gani a intanet gaskiya ne yana da alaƙa da kaurin zuciya, amma har yanzu abin masu bincike ne.

Malam Abu Ammar, addu'a kam muna tare. Jiƙon saiwa kuwa ina roƙo a bar shi. Ba a san yawan abin da ke cikin kofi ɗaya ba, ƙodar da kashi ɗaya cikin uku na aikinta kawai ya saura ita ce za ta tace shi. Haka diklofenak da ibuprofen, yau ya kamata su fita daga aljihun Baba.

Baban Halima:

Ɗiyata, sannu da hidima, Allah ya saka miki da alheri. Ni mai shiga injin ne, sau biyu a mako, kuma sa'an mahaifinki ne ko ƙasa kaɗan. Direban babbar mota nake a da, Tahoua da Konni duk na sha kwana. Ba ni da ilimin Mai Awo, amma abin da jikina ya koya mini zan faɗa.

Cikin lambobin nan, wanda ke kashe mutum dare ɗaya fotasiyam ne. Sauran suna ba da lokaci, shi ba ya bayarwa, kuma ba ya ciwo balle ka ankara. Daidai ɗinsa 3,5 zuwa 5. In ya wuce 6 bugun zuciya yana iya rikicewa. Ni ranar da nawa ya hau, ƙafafuna ne suka yi sanyi suka ƙi ɗaukata, leɓena yana tsikari, na ɗauka gajiya ce. Lokacin mangwaro ne, ga dabino da aka kawo mini tsaraba. Allah ya sa ɗana ya matsa aka kai ni cikin daren. Muna da abokan layi da muka saba gaisawa a ɗakin wanki, wasu an wayi gari babu su, kuma galibi bayan tazara mai tsawo tsakanin wanki da wanki ne. Likitocinmu sun ce haka abin yake ko a ƙasashen Turawa, ranar da ta biyo doguwar tazara ita ce mafi haɗari.

Na Baba 5,3 bai kai nan ba, kuma shi ƙodarsa tana aiki, ba irin tawa ba. Kada ku hana shi komai ya rame. Amma ku san inda abin yake: dabino, mangwaro, ayaba, kankana in an sha da yawa, tumatirin gwangwani, dankali, zogale, da ruwan toka da mata ke zubawa a miya. Akwai wani gishiri da ake sayarwa a farmasi wai na masu hawan jini, fotasiyam ne a ciki, kada ya shiga gidanku. Dankali da ganye in an yanka aka tafasa aka zubar da ruwan farko, yana raguwa.

Wajen fosforas kuma ku mutanen Adar sai kun yi haƙuri da ni: cuku da nono da madarar gwangwani da lemon kwalba baƙi su ne kan gaba. Na san raba dattijon Tahoua da hura da nono ba ƙaramin aiki ba ne. Ni dai ludayin nonon na rage, geron na bari, don an ce mini fosforas na hatsi da wake jiki ba ya shan shi sosai kamar na madara da na kayan kamfani.

Gishiri kuwa ba wanda ke cikin gwangwani kawai ba ne. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma ƴar'uwarsa ce, ga kilishi, ga yajin tsire. A gidana tukunya ɗaya ake yi, a ɗibar mini kafin a sa dunƙule. Da wuya a makon farko, daga baya harshe ya saba. Ki samu Inna ku yi maganar, don a hannunta abin yake.

Ku sayi ma'aunin nauyi in da hali. In ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana biyu ko uku, ba ƙiba ba ce, ruwa ne.

Ɗiyar Adar:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baban Halima, na karanta wa Baba saƙonka, ya ce in gaishe ka, ya ce wataƙila ma ka taɓa ɗaukar masa buhu. Maganar nono ce kawai ya yi shiru a kanta.

Mun koma an sake turoponin a ɗakin awo ɗaya, ya fito 36. Inna ta yi sujada. Na roƙi albumin na fitsari, likita ya ce dama yana cikin abin da zai rubuta, ya fito 420. An yi eko, an ce bangon zuciya na hagu ya yi kauri amma tana turawa da kyau, babu gazawa.

Yanzu ga abin da ya sake ɗaure mini kai. An rubuta masa losartan, da atorbastatin na kolestarol, da wani dapagliflozin. Mai farmasi ya ce na ƙarshen maganin ciwon sukari ne, Baba kuwa ba ya da sukari, kuma shi ne mafi tsada. Kolestarol ɗinsa ma ba a sa masa tauraro ba, to me ya kawo maganinsa? Yayana kuma yana cewa tun da jininsa ya yi ƙasa a yi masa ƙarin jini ko allurar da ake yi wa masu wanki, ya koma 13 ya huta da haki. Ni ban yarda da kaina ba, shi ya sa na dawo.

Likitan Gobir:

Malama, sannu da jinya. Likitan manya ne ni, na karanta zaren duka. Ban ga Baba ba, don haka maganata ba ta maye gurbin ta wanda ya duba shi, amma takardar maganin nan ta yi daidai da lambobin da kika kawo.

DFG 32 da albumin 420 sun sa shi a rukunin mafi haɗari, ta fuskar ƙoda da ta zuciya duka. Losartan yana sauke hawan jini, yana kuma rage matsi a cikin matatar ƙoda, shi ya sa albumin ke sauka da shi. In bayan wata uku 420 ta ragu sosai, kin ga shaidar magani yana aiki. Sai dai yana ɗaga fotasiyam, na Baba kuma dama 5,3 ne. Dole a sake awon fotasiyam da kiretinin cikin mako biyu da farawa, kada a wuce huɗu. In kiretinin ya ɗan hau kada ku firgita ku daina, hawan da bai wuce kashi 30 cikin 100 ba ana sa ran ganinsa. Ranar da yake amai ko zawo, ko zafin Afirilu ya busar da shi ba ya iya shan ruwa, a dakatar da losartan da dapagliflozin a nemi likita. Wannan ki rubuta shi a bayan kwalin.

Dapagliflozin gaskiya ne don sukari aka fara yin sa. A 2020 aka fitar da sakamakon gwaji a kan mutum sama da dubu 4 masu ciwon ƙoda da albumin a fitsari, kusan kashi ɗaya cikin uku ba su da sukari, aka ga yana rage saurin lalacewar ƙoda da kwanciya saboda gazawar zuciya da ma mutuwa, ga masu sukari da marasa shi. In tsadarsa za ta gagare ku, ku faɗa wa likitan gaskiya tun yanzu. Sha wata ɗaya a bar wata biyu ba shi da amfani, gara a tsara abin da aljihu zai ɗauka.

Maganin kolestarol ba tauraro ake jira ba. Ƙa'idar ita ce duk mai shekara 50 zuwa sama da DFG ɗinsa ke ƙasa da 60, kuma bai fara wanki ba, a ba shi, ko nawa LDL ya nuna. A jikin mai ciwon ƙoda kolestarol ba ya faɗin haɗari yadda yake faɗa ga sauran mutane, yana iya zama daidai a takarda jijiyoyi suna lalacewa. Gwajin SHARP na 2011, da mutum sama da dubu 9, ya nuna rage shi ya rage toshewar jijiyoyin zuciya da ƙwaƙwalwa da kashi 17 cikin 100. Ga waɗanda suka riga suka hau injin kuwa, gwaje-gwaje biyu manya ba su ga amfanin fara shi ba. Ma'ana lokacin shansa yanzu ne.

Ki gaya wa yayanki niyyarsa mai kyau ce, likitoci ma sun taɓa tunanin haka. An gwada tura himoglobin zuwa 13 da allurar, a gwajin 2009 na masu sukari da ciwon ƙoda shanyewar ɓarin jiki ta kusa ninkawa, zuciya kuma ba ta amfana ba. Shi ya sa yanzu ba a cika fara allurar ba sai ya sauka ƙasa da 10, kuma ba a son a wuce 11,5. Ƙarin jini ga mai 10,2 babu dalilinsa. Abin da ya kamata shi ne a auna feritin a ga ko sinadarin ƙarfe ya yi masa ƙaranci, musamman mutumin da ya daɗe yana shan diklofenak, don yana sa ciki zubar da jini a ɓoye. A tambaye shi ko bayan gidansa ya taɓa yin baƙi.

Wuri ɗaya zan ƙara a kan Mai Awo. Ya yi gaskiya cewa turoponin kan zauna sama ga masu ƙoda, amma wannan gaskiyar ta sha cutar da su, don sai a ce ai ƙoda ce a sallami mai toshewa ta gaske. Ga shi sau da yawa ba sa jin ciwon ƙirji irin wanda aka sani, sai haki ko zufa ko kasala. In Baba ya ji nauyi a ƙirji da ya wuce minti 15, ko numfashi ya hana shi kwanciya, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, asibiti kai tsaye da littafin nan a hannu, ki ce musu nasa na kullum 36 zuwa 38 ne na nau'in T.

A Tahoua kuwa, kiretinin da fotasiyam da himoglobin da albumin na fitsari duk wata uku sun ishe ku, fosforas da kalsiyam duk wata shida. Turoponin da NT-proBNP ba na bibiya ba ne, sai jiki ya canza. Kuɗinsu ku sayi na'urar auna hawan jini ta damtse, a riƙa aunawa yana zaune ya huta minti biyar. Daga 16/9 muna son a sauko ƙasa da 13/8 sannu a hankali, ba tare da jiri ba. Maganar azumi ku yi ta da likitansa tun kafin watan ya kama.

Ɗiyar Adar:

Likita, Allah ya ƙara basira. Na kwafe duka a littafi. Yayana ya janye maganar ƙarin jini, shi ya ɗauki nauyin dapagliflozin, ni da ƙanena sauran. Baba ya amsa cewa bayan gidansa ya taɓa yin baƙi bara, bai gaya wa kowa ba, gobe zan faɗa wa likitansa kafin mu kama hanya.

Saura abu ɗaya. Baba ba ya zama cikin gari sosai, ya fi son gonarsa, kuma awon mako biyun zai same mu a can. Ƙanena ya ce malamin asibitin ƙauye zai iya ɗibar jinin a kawo birni a babur. Hakan ya yi? Sannan akwai tsohuwar takarda da aka yi masa a Sakkwato da ya je wurin ƴan'uwa, an rubuta kiretinin 168, ni kuma nan 22 nake gani.

Mai Awo:

A'a Malama, don fotasiyam Baban ne zai zo, ba jinin ba. Kusan duk fotasiyam ɗin jiki a cikin ƙwayoyin halitta yake. In kwalbar ta daɗe ba a raba ruwan jinin ba, ko ta sha jijjiga a babur, ko aka sa ta cikin ƙanƙara, jajayen ƙwayoyin suna sakinsa, sai 5 ta fito 6 da wani abu, a tsayar masa da losartan a kan ƙarya. Ya zo da sassafe a ɗiba a ɗakin awon. Kada ya riƙa dunƙule hannu yana buɗewa, kuma kada a bar robar ɗaurin ta daɗe a damtse. Daren da zai zo ya bar gasasshen nama da kilishi, suna ɗaga kiretinin na ɗan lokaci.

Takardar Sakkwato da µmol/L aka rubuta ta. Ki raba da 8,84 ki samu irin namu: 168 ta zama 19 mg/L. Ta nan kuma 22 daidai take da wajen 194 a nasu. Ki nemo kwanan watan da ke jikinta ki nuna wa likitan gobe, don daga 19 zuwa 22 cikin shekara biyu daban ne da cikin wata shida.